Hannun da Allura Ta Shiga

Tun da asibitoci suka fara farfaɗowa daga abin da yaƙin nan ya yi musu, na ga samari uku ko huɗu a garinmu sun sayi jakar ratayawa, wai su ma murafiƙai ne. Murafiƙi shi ne mai raka mara lafiya asibiti, ya yi masa tafinta, ya riƙe masa takardu. Ni na yi wannan aiki shekara talatin da 'yan kai, tsakanin ƙauyukanmu na gefen Wad Haddad da asibitocin Sinnar da Madani. Ran nan na ji ɗaya daga cikinku yana faɗi wajen mai shayi cewa sana'ar Idi Waswasi, wato ni, ba komai ba ce illa hawan hafla a aljihun wani da shan jabana a ƙofar asibiti. Ban yi fushi ba, don hafla kam, motar haya, na hau, jabana kuma, wato gahawa, na sha. Amma tun da kun riga kun sayi jakunkuna, gara ku san abin da ake zubawa a ciki.

Tawa baƙa ce, zif ɗinta ya mutu tun da daɗewa, da igiya nake ɗaure ta. A ciki akwai biro biyu, don ɗaya zai ƙi rubutu daidai lokacin da likita ya fara magana. Akwai leda mai kauri ga kowane mara lafiya, na rubuta sunayensa huɗu a jiki: nasa, na ubansa, na kakansa, na uban kakansa, a ƙasa kuma sunan da ake kiransa da shi a gari. Wannan na ƙarshe ya fi sauran amfani, don rabin mazan garinmu Muhammadu ne a takarda, idan ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira suna, ko dai duk su miƙe ko duk su zauna. Akwai jarka mai murfi ta tara fitsarin yini da kwana, wadda ba na bari kowa ya ajiye ta kusa da jarkar ruwan sha, saboda wani dalili da ba zan faɗa ba. Akwai dabino, na wanda aka ce kada ya ci komai sai an ɗebi jini. Waya ma ina da ita, amma ban yarda da ita ba. Ku kuna ɗaukar hoton takarda ku ce shi ke nan. Ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu za ku tsaya gaban likita da baƙin gilashi a hannu.

Mutanen da za ku raka kuma sai kun yi haƙuri da su. Tsohuwa za ta gaya maka a hafla cewa kwana goma ba ta runtsa ba don ciwon baya, ku shiga, likita ya tambaye ta, ta ce alhamdu lillahi, lafiya lau. Dattijon da aka hana gishiri zai rantse bai taɓa ba, ga yajin agashe a gemunsa. Wani Larabcinsa ya fi naka a kasuwa, amma da ya ga farar riga sai ya ƙafe, ya koma Hausar kakarsa. Aikinka shi ne ka maimaita wa likita abin da aka gaya maka a hafla, ko da mai ciwon yana taka maka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ƙafata ta dama ta sha taku a wannan sana'a.

Wajen Baba Haruna na koya. Shara ya yi a asibiti har ya tsufa, ba ya karatu, amma ya san kowace ƙofa da halin wanda yake bayanta. Ni kuma na gama firamare, na gwada auduga ta ƙi ni, ina da mata da ɗa guda. Shi ya san ƙofofi, ni na san baƙaƙe. Shekara guda cur jarka kaɗai ya bar ni na ɗauka. Abin da ya fi nanata mini ɗaya ne.

"Idi, in anka ce a ɗebi jinin mutum, ka tsaya ka ga allura ta shiga. Ka ga hannun da ta shiga. Ka bi hannun nan da ido har ka kai ga fuska. Sannan ka ga an rubuta suna ga kwalba."

Na ce, "Baba, ai hannu ba ya barin mai shi."

Ya ce, "Ka dai duba."

Na ɗauka rigimar tsufa ce, amma na riƙa dubawa, don ni ko ƙofa na kulle sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon.

Da dashen ƙoda ya fara zuwa kusa da talaka, sai na koyi abin da ya sa ake wahalar da mai bayarwa da gwaje-gwaje fiye da mai karɓa. Wani likita ya yi mini bayani, ni kuma haka nake mayar wa mutanenmu. Jikin ɗan Adam yana da masu gadi, ba sa son baƙo. Idan aka dasa wa mutum ƙodar wani za su far mata, don haka ake ba shi maganin da zai kwantar da su, kullum, har ƙarshen ransa. To idan ƙodar ta zo da ƙwayar cuta a cikinta, ta hanta ko wata, ta shigo gidan da masu gadi suke barci ke nan. Shi mai bayarwa yana iya ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru, yana noma, yana cin kisra da miya, bai san komai ba, don nasa masu gadin idonsu biyu. Abin da ba ya damun mai shi yana iya kashe wanda aka yi wa kyautarsa.

Shekarar da ta fi kowace muni a gare ni ita ce shekarar Ɗantsoho. Ɗan garinmu ne da ya yi arziki da fataucin riɗi a Damazin. Ƙodarsa ta mutu, na riƙa kai shi wankin ƙoda, wanda muke ce wa gasil, sau biyu a mako. Ya gaji. Na ce mu zagaya dangi a gwada, ya ce shi ba zai yi bara ba. Wani dillali ya gaya masa akwai wata ƙasa da ake gama komai cikin mako guda, ba layi, ba dogon bincike. Na ce, ƙodar wa? An gwada mai ita?

Ya ce, "Kai Idi, in ka sayi injin ban ruwa, tambaya kake wace ce uwar wanda ya ƙera shi?"

Ya tafi, ya dawo da kumatu. Har daga garin Mai Wurno aka riƙa zuwa kallonsa yana shan ruwa kofi bayan kofi, abin da ake hana mai gasil. Gidaje biyu suka karɓe ledojinsu daga hannuna, suka ce ba za su yi wata da watanni ana tsotse musu jini ba alhali ga gajeriyar hanya. Sauran ma suka ja baya, don wa yake son rakiyar mutumin da ya kusa hana Ɗantsoho lafiya da ba don Allah ya kiyaye ba? Na rataye jaka, na koma tsinkar auduga a gonar wani.

Kafin a sake shuka, idanun Ɗantsoho suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Aka aiko a kira ni. Likita ya nemi takardun wanda ya ba da ƙodar. Muka buɗe jakarsa mai lambobi, ba komai sai tikitin jirgi da hoton masauki. Ni kuma ledarsa tana wajena, gwajin da aka riƙa yi masa lokacin gasil, duk babu cutar hanta a ciki. Yanzu ga ta. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma ƙodar ya fi zargi. In an rage maganin da ke kwantar da masu gadi, jiki ya ƙi ƙodar. In an bar shi, ƙwayar ta ci hanta. Ɗantsoho ya rasu ƙodarsa tana aiki lafiya lau. A wajen zaman makoki aka ce kwana ne ya ƙare, gaskiya ne kuma. Wasu suka ce bakin mutane ne. Ledoji dai suka dawo hannuna ɗaya bayan ɗaya, kowa da fuskar wanda bai taɓa karɓewa ba.

Amma aikin da nake so ku ji da kyau shi ne na Usmanu, don a nan ba dillali, ba wata ƙasa, ba mugu ko ɗaya. Mu ne ya mu.

Usmanu manomi ne mai hawasha, wato gona a cikin tsarin ban ruwa. Shekara biyu ina kai shi gasil Madani, Litinin da Alhamis, har mai hafla ya san kujerarmu. Su uku ne a wajen uwarsu da ubansu: Alhaji Bello babba, sai Usmanu, sai auta Sani. Ubansu ya sa wa na fari Muhammadu Bello, ya sa wa auta Muhammadu Sani, a takardar hukuma kuwa duk Muhammad ne kawai, sauran sunaye uku kuma iri ɗaya.

Alhaji Bello mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa yin komai da kansa ba. Kada ku ɗauka abin kunya ne. A wajenmu babban mutum da wakili yake aiki, tun zamanin kakanni hukumar noma tana karɓar wakilin mai hawasha. Shi dai Alhaji ya kai abin ƙarshe. Ban ruwan hawasharsa, Sani. Layin taki, Sani. Taron manoma, wanda shi ne shugaban kwamitinsa, Sani. Ta'aziyya in ta wuce ƙauye biyu, Sani. Hajji kaɗai ya je da ƙafarsa, shi ma waɗanda suka tafi tare sun ce jifan Shaiɗan wakiltawa ya yi.

Wata Juma'a bayan an sallame, Alhaji ya miƙe cikin farar jallabiya ya ce ƙanensa ba zai ƙara kwanciya gaban injin nan ba alhali shi yana da ƙoda biyu. Masallaci ya ɗauki kabbara. Kafin la'asar an yanka rago. Ba a ɗebi ko ɗigon jini ba, amma an ci naman ƙodar.

Na same shi a zaure na yi masa bayanin gwajin farko, wanda ake iya yi a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Sinnar kafin a je gaban likitar ƙoda. Ya ce Litinin zai tafi a boksinsa, motarsa mai akori-kura. Na ce Litinin ina Madani da Usmanu, ya bari sai Talata in raka shi.

Ya ce, "Idi, jinin ga nawa ne ko naka?"

Ban iya rabuwa gida biyu ba. Duk tsawon awa huɗun da Usmanu ya yi a kan inji, ina zaune ina jin kamar na bar ƙofa a buɗe.

Mun dawo daidai la'asar, na tsaya alwala a masallaci. Ga Alhaji a tsugune, ya naɗe hannun riga har sama da gwiwa, Sani yana zuba masa ruwa. Na dubi hannun dama, ba komai. Na zagaya kamar ina neman buta, na dubi na hagu. Ba huda, ba auduga, sai tsofaffin tabon ƙuna guda uku, irin wanda wanzamai suke yi wa mai shawara. Sai na tuna, lallai Alhaji ya yi shawara muna samari, idonsa ya yi rawaya wata guda.

Na ce, "Alhaji, an ɗebi jinin?"

"An ɗiba, kalas, an gama."

"A wane hannu?"

"Kai kuma! Hannu dai."

Sani ya ɗaga buta, hannun rigarsa ya zame. Ga auduga da filasta a gwiwar hannunsa, sabuwa fil. Na bi hannun da ido har na kai ga fuska, kamar yadda aka koya mini, fuskar kuwa ba ta Alhaji ba ce.

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya shina da baƙi yau."

Alhaji ko a jikinsa. Ya shafi kai, ya shafi kunne, ya ce, "To mine ne? Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya munka sha. Jinin Sani jinina ne. Sunanmu ma ɗaya ga takarda. Shekara nawa shina ba hawashata ruwa, ka taɓa jin hukuma ta ce audugar ba tawa ba ce?"

Na ce, "To ranar aiki wa zai kwanta?"

"Ni mana. Ni na yi alkawari gaban jama'a."

"Ke nan ƙodar da za a sa wa Usmanu ba a gwada ta ba. Ga shi kuma ka taɓa yin shawara."

"Shawarar da ta warke tun ba ka yi gemu ba? Idi, je ka yi sallarka."

Na yi, amma sai da na yi ƙabli da ba'adi, don ban san raka'a nawa na kawo ba.

Laraba sakamako ya iso. Na karanta sau uku. Babu cutar hanta, babu wata cuta, jinin kuma irin na Usmanu ne. Takarda mai kyau, da hatimi, da suna huɗu daidai da na Alhaji. Da hantsi sai ga Sani a ƙofar gidana. Muka zauna ƙarƙashin rakuba, rumfar da ke gidana, aka kawo shayi, ya gyara murya.

"Malam Idi, Yaya ne ya aiko ni. Ya ce in gaishe ka. Ya ce in ka buɗe baki gobe gaban diktora ka kunyata shi, ba mai ƙara ba ka ledarsa a garin ga." Ya kurɓi shayi. "Ya ce in faɗa da fushi, amma ka yi haƙuri."

Na ce, "Na ji saƙo. Kai fa, me ka gani?"

"Ni wakili ne."

"Me ya hana shi zuwa da kansa? Ban ga baƙo ko ɗaya a gidansa ba."

Ya waiga, ya rage murya. "Allura. Tun muna yara in ya ga allura sai ya bi ta katanga."

"Mai tsoron allura shi zai kwanta a yanka?"

"Ya ce wancan shina barci za a yi."

Ya kuma gaya mini Alhaji ya riga ya ce masa kada ya yi nisa makon gobe, ko za a nemi wani jinin.

Alhamis a hafla, Usmanu ne ya fara magana. Ashe ya sani. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya ce, "Idi, don Allah ka bar maganar ga. Na gaji. In likitoci suna son sake gwadawa ai za su sake."

Na ce, "Wataƙila."

"To?"

Na ce masa ni na wanke gawar Ɗantsoho. Ya juya ya dubi taga har muka shiga gari.

Likitar ƙoda mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba, tana da tabarau da saurin magana. Alhaji ya riga mu isa a boksi, ya sha rawani, Sani yana tsaye bayansa riƙe da sandarsa. Na zaro takardar daga leda, na miƙa. Ta karanta, ta yi murmushi, ta ce wa Alhaji mabruk, wato barka, ta jawo littafin sa rana.

Na ce da Larabci, "Diktora, takardar nan gaskiya ce, amma ba ta mutumin nan ba ce."

Usmanu ya taka mini ƙafa. Da yake ba ƙarfi gare shi, ban ji zafi sosai ba.

Ta ajiye biro. Alhaji bai yi musu ba, don a ganinsa ba abin ɓoyewa. Ya gyara zama, ya yi mata bayani dalla-dalla, da Larabcinsa na taro: uwa ɗaya, uba ɗaya, hawasha, auduga, hukumar noma. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta tambaye shi ko in yana jin yunwa Sani ne yake ci masa abinci. Ya ce wannan daban. Ta ce, "Ya Haj, wannan ma daban. A nan ba ma karɓar wakili." Ta kira ma'aikaciyar jinya.

Alhaji ya dubi ƙofa. Ni nake tsaye a bakinta, ba da niyya ba, wurin ne kawai ya rage. Aka naɗe masa hannun jallabiya. Ya runtse ido, ya fara karanto duk abin da ya haddace. Na ga allura ta shiga, na ga hannun, na bi shi har fuska, na ga an rubuta suna a kwalba, na roƙi a ƙara Bello a ƙasa. Da aka zare, shugaban kwamitin manoma ya sulale a kujera, rawani ya karkace. Na kwance igiyar jaka na ba shi dabino uku.

Komawa gida, Alhaji ya ce a sa Usmanu a gaban boksi. Ni aka nuna mini baya, wajen buhuna.

Ba zan rubuta abin da aka gani a jinin mutum ba, da Alhaji bai riga ya mayar da shi labarin zaure ba. Mako na gaba likita ta gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta, ta daɗe a jikinsa, har ta fara taɓa hantar, amma an gano da sauran dama, akwai magani da sa ido. Ta ce a kawo iyalinsa a gwada, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi. Ƙoda kuwa ba zai bayar ba. Na tambaye ta, da ban yi magana ba fa? Ta ce ai su ma sukan sake ɗiba da hannunsu kafin aiki, da sun kama, sai dai a yi asarar makonni da gurbi. Na yarda da ita. Amma ta faɗi haka ne ba ta san an riga an ce wa Sani kada ya yi nisa ba.

Usmanu ya dafe kai. Shekara biyu yana jira, ga shi an ci rago, an yi kabbara, ya koma inda ya fara, kuma da bakina. Ba wanda ya dube ni.

Sai likita ta ɗago takardar farko, ta Sinnar, ta ce, "Wannan mai kyau ɗin fa, ta wa ce?"

Duk muka juya. Sani yana nan tsaye da sandar Alhaji.

Ya ce, "Ni wakili ne kawai."

Ta kore mu waje, ta zauna da shi shi kaɗai, don ba a karɓar ƙodar da aka bayar saboda kunyar dangi. Da ya fito, ba wanda ya tambaye shi abin da suka tattauna.

Alhaji ya cika alkawarinsa a kaina. Aka ce na tozarta babban mutum gaban mace, na hana mara lafiya waraka, na sa wa dattijo cutar da ba ya da ita sai da aka duba. Ledoji suka sake komawa gidajen masu su. Usmanu ma wani ya riƙa raka shi gasil, wanda ya ɓatar masa da takarda biyu cikin wata guda. Na sake rataye jaka.

Wata safiya ina gyaran dangar rakuba, sai ga Sani, ƙafafunsa duk laka, daga ban ruwa yake. Ya tsaya bai zauna ba.

"Malam Idi, ka buɗe mini leda."

"Alhaji ne ya aiko ka?"

"Bai sani ba."

"Usmanu ne ya roƙe ka?"

"Bai sani ba shi ma. Na yi magana da matata, na yi istihara. Ka buɗe."

Na sauko da jaka, na zaro leda sabuwa. Biro na farko ya ƙi rubutu, na ɗauko na biyu. Na rubuta sunaye huɗun nan da suka jawo mana duk wannan, a ƙasa na rubuta Sani, na ja masa layi biyu. Aka sake komai daga farko, har wanda aka riga aka yi a Sinnar, don ni ban ga wancan da idona ba, likita ma ba ta gani ba. Kowace allura ina tsaye. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Usmanu yana nan da ransa, yana shan maganinsa, takalmi yana shiga.

Ranar da suka dawo gida, Alhaji ya yanka sa. Ya zauna a kan angarib, gadon igiya, a tsakiyar fili, mutane suna layi suna yi masa barka. Na ji shi da kunnena yana gaya wa baƙin Mai Wurno cewa alkawarin da ya yi a masallaci ya cika, ya ba ƙanensa ƙoda ta hannun wakilinsa. Suka ce madalla, haka babban mutum yake yi. Har yau in kun ji ana cewa ƙodar Alhaji Bello, to tana cikin Usmanu, tabon kuma yana jikin Sani. Sani bai taɓa musu ba. Likita dai ta hana shi aikin ƙarfi na wasu watanni, watannin suka wuce, bai koma ban ruwan hawashar Yaya ba, bai koma layin taki ba, kuma in an tambaye shi sai ya dafa gefen cikinsa.

Ledoji sun dawo. Ta ƙarshe da ta zo, mai ita ne ya kawo ta da ƙafarsa, abin da mutanen layinmu suka fito kallo. Alhaji Bello ya tsaya a ƙofata, ya yi sallama, ya ce an ce duk bayan 'yan watanni sai an duba jininsa saboda hantar nan, kuma ya ga ni ne na san hanya. Tun daga ranar ni nake raka shi, a gaban boksi. Duk zuwa, in mun kai ƙofar ɗakin gwaji, sai ya ja ya tsaya, ya waiga baya, inda ba kowa.

"Idi, wanga ai ɗan ƙaramin gwaji ne. Yanzu shi ma sai..."

"Alhaji, naɗe hannu."

Sai ya naɗe, ya runtse ido, ya fara karatu. Ni kuma in kwance igiyar jaka, in riƙe dabino uku a tafin hannu, ina kallon allura.